Ƙwaƙwalwa da Haɗarin Mutum Ya Halaka Kansa: Nazari a Taƙaice

Gabatarwa

Bahaushe yakan danganta fushi da baƙin ciki ga zuciya, har yakan ce "zuciya ta ɗebe shi" idan mutum ya yi aikin da-na-sani. Binciken likitoci kuwa ya nuna cewa a ƙwaƙwalwa al'amarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ke halaka kansu kowace shekara. Wannan maƙala za ta duba abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa, da yadda saninsa ke taimakawa wajen rigakafi.

Abubuwa Uku a Ƙwaƙwalwa

Na farko shi ne sinadarin sirotonin, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. A 1976 Marie Asberg da abokan aikinta a Suwidin suka auna ruwan laka na masu ciwon damuwa mai tsanani. Sai suka tarar waɗanda alamar wannan sinadari ta yi ƙaranci a ruwansu sun fi sauran yunƙurin halaka kai.

Na biyu shi ne ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi. Shi ne linzamin mutum, mai auna sakamako kafin a aikata. Idan aikinsa ya raunana, tunani yakan ƙuntata har mutum ya kasa hangen mafita, ko da tana gabansa. Giya da ƙwaya suna ƙara sassauta wannan linzami.

Na uku shi ne kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita. A 2009 masu bincike a Kanada suka nazarci ƙwaƙwalen waɗanda suka halaka kansu, suka ga cewa waɗanda aka azabtar tun suna yara, tsarin da ke kwantar da wannan sinadari ya raunana a ƙwaƙwalensu. Wato wuyar ƙuruciya takan bar tabo.

Sai dai babu ɗaya daga cikin ukun da ke yanke wa mutum hukunci. Rauni ne kwantacce, wanda bashi ko mutuwar aure ko kunya kan tayar.

Rigakafi

Halin ƙuncin nan yakan yi tsanani na ɗan lokaci, sa'an nan ya lafa. Saboda haka duk abin da ya jinkirta mutum yana iya ceton ransa. Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya dafi, kuma tsakanin 1995 da 2015 yawan masu halaka kansu a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Wannan darasi ne ga duk ƙasar manoma.

Akwai kuma magani. An tabbatar cewa litiyam yana rage haɗarin ga masu ciwon da ke kai su tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, amma likita kaɗai ke ba da shi.

Kammalawa

Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya janye daga mutane, ko yake cewa ya zame wa iyalinsa kaya, ya kamata a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, domin bincike ya nuna tambayar ba ta cusa tunanin. Daga nan a zauna tare da shi, a kawar da abin cutarwa, a kai shi asibiti ba tare da gori ba.