ARON DOKI DON BAYE: HUKUNCIN GARDAMA TSAKANIN MAI DOKI DA MAI ARO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, Katsina gari ne na doki. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ne ya kafa wasan folo a birnin, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa, wanda ya rasu a 1981, ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Kangiwa ran hawan Salla ya ga yadda hakimai da attajirai ke alfahari da abin hawansu. To, inda doki ke da daraja haka, ba makawa a nemi iri mai kyau. Mai goɗiya yakan je wurin mai ingarma ya roƙi a ba shi aro don baye, ko kuma mai goɗiya ya miƙa ta ga wani ya riƙe ta har ta haihu. Galibi da baki ake yin wannan, tsakanin abokai ko surukai, ana jin kunyar tsayar da magana. Sai ran da dokin ya karye, ko aka haifi duƙushi mai kyau, sa'an nan kowa ya tuna da abin da ya nufa a ransa, a dunguma zuwa gaban alkali.

Abin da alkali zai fara tambaya shi ne: wane irin ƙulli aka yi? Gama mutane na kiran abu uku da suna ɗaya. Akwai aro, wanda malamai ke ce wa ariya, watau mallaka wa mutum amfanin abu na wani lokaci ba tare da lada ba. Akwai haya, watau ijara. Akwai kuma kiwo bisa sharaɗin a raba 'ya'ya. Kowanne da hukuncinsa.

Aro kam abu ne da Shari'a ta kwaɗaitar a kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya ari dokin Abu Ɗalha, wanda ake kira Mandub, a daren da aka ji wata firgita a Madina. A hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim kuma, an lissafa ba da aron namiji don barbara cikin haƙƙoƙin da ke kan mai dabbobi.

Idan ingarman ya mutu ko ya nakasa a hannun mai aro fa, wa zai ɗauki hasara? Mazhabar Imamu Malik, wadda alkalan ƙasar nan ke hukunci da ita, ta kasa kayan aro gida biyu, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil. Abin da ake iya ɓoyewa, kamar sirdi, ko linzami, ko alkyabba, in mai aro ya ce ya ɓace, zai biya, sai fa in ya kawo shaidun da suka tabbatar ba da sakacinsa ya salwanta ba. Abin da ba ya ɓoyuwa kuwa, kamar doki, babu biya a kansa, a karɓi maganarsa, sai in ƙaryarsa ta bayyana ko kuwa ya ƙetare iyaka. Dalili shi ne, doki ba ya mutuwa a ɓoye. In mutum ya ce dokin ya mutu a bargarsa cikin unguwa, alhali ba maƙwabcin da ya ga mushe, ba wanda ya ga an ja shi bayan gari, to ƙaryarsa ta fito, biya ya kama shi.

Wannan hukunci yakan yi wa masu dawaki ɗaci, har waɗansu kan gindaya sharaɗi tun farko cewa kome ya sami dokin mai aro zai biya. A mashhurin mazhaba wannan sharaɗi ba ya ɗora masa biya. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad suna ganin mai aro na lamunin abin da ya ara ko da bai yi sakaci ba, Imamu Abu Hanifa kuwa yana ganin aro amana ce tsantsa. Malik ya bi tsakani.

Ƙetare iyaka shi ne ainihin inda gardama ke zafi. An ari ingarma don ya baye goɗiya ɗaya, sai aka jera masa uku. An are shi don baye, sai yaran gida suka ɗaura masa sirdi suka shiga sukuwa, ko aka fita da shi hawan Bariki. Ko aka ɗaure shi kusa da goɗiyar da ba ta nema, ba dabaibayi, ba mai riƙo, ta harbe shi ta karya masa ƙafa. Duk mai kiwon doki ya san goɗiyar da ba ta so takan yi harbi, saboda haka wanda ya sake su haka ya yi sakaci, kuma sakaci na wajabta biyan ƙimar dokin. Masana dawaki ne za su yanke ƙimar, alkali ba ya ƙiyasta ta shi kaɗai.

Sai batun kuɗi. Buhari ya ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (S.A.W.) ya hana karɓar kuɗin barbara. Yawancin malamai sun ɗauki hanin a kan kowace irin haya. Malikawa kuwa sun fahimce shi a kan hayar da aka rataya ga ɗaukar ciki, watau a ce "ga kuɗi, ka ba ni dokinka har goɗiyata ta ɗauka". Wannan ɓatacce ne, domin ba wanda ke da ikon tabbatar da ciki, tana iya ɗauka a karon farko mai goɗiya ya ji an cuce shi, tana iya ƙin ɗauka har abada mai ingarma ya cutu. Amma in aka yanka kwanaki sanannu, ko adadin hawa sananne, da lada sananne, ya halatta, kuma da zarar cikin ya tabbata sauran hayar ta warware. Tukuicin da mai goɗiya ya bayar don kansa, ba da sharaɗi ba, buhun dawa ne ko damin harawa, babu laifi a kansa, gama Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an yi rangwame a kan irin wannan karramawa ga wani mutum na ƙabilar Kilab.

Wani lokaci mai doki ya ce haya ya bayar, wanda ya karɓa ya ce aro ne. In ba shaidu, maganar mai doki ake ɗauka tare da rantsuwa, sai fa in shi mutum ne wanda irinsa ke ƙyamar ba da haya. Wannan togiya ta dace da Katsina ƙwarai, domin basaraken da aka san bargarsa da kyauta, in ya wayi gari yana neman kuɗin baye, al'ada za ta ƙaryata shi, rantsuwa ta koma kan mai aro.

Ɗawainiyar ɗauko doki da mayar da shi tana kan mai aro. Ciyarwa kuwa malaman mazhaba sun yi zance biyu a kanta, shi ya sa alkali kan duba sharaɗi, in babu ya duba al'adar gari. Mai doki kuma ba shi da ikon ƙwace dokinsa kafin wa'adin da aka yanka, in ba a yanka ba sai an kai gwargwadon abin da aka saba.

Duƙushi na wane ne? Ɗan dabba uwarsa yake bi. Mai ingarma ba shi da kome a cikinsa, kome kyawun irin dokinsa. Haka nan wanda aka ba aron goɗiya, amfaninta aka ba shi, ɗanta na mai ita ne, sai in an furta kyauta. Sayar da abin da ke ciki haramun ne saboda garari, kamar yadda Malik ya kawo a Muwaɗɗa daga Sa'idu ɗan Musayyib, amma kyautarsa ta inganta a mazhaba, tun da ba wanda ya biya kome balle ya yi hasara.

Mas'ala mafi nauyi ita ce ta mutumin da ya karɓi goɗiya ya ci da ita wata goma sha ɗaya na ciki, da gero da dusa da kanwa, bisa alkawarin ɗan fari nasa ne ko kuwa rabinsa. A asalin mazhabar Malik wannan haya ce da ladan da ba a sani ba, gama goɗiya na iya yin ɓari, saboda haka ɓatacciya ce. Amma wahalarsa ba ta tafi banza. Duƙushi ya koma ga mai goɗiya, shi kuwa a biya shi ladan da ake biyan irinsa, tare da abin da ya kashe. An ruwaito halascin irin wannan kiwo daga Imamu Ahmad, Ibn Taimiyya ma ya zaɓi haka, sai dai wanda zai tsaya gaban alkalin Malikiyya bai kamata ya dogara da wannan ba. Mafita mai sauƙi ita ce mai kiwo ya sayi kaso sananne na goɗiyar kanta, rabi ko sulusi, a gaban shaidu biyu adilai, a rubuta kamanninta da kuɗin da wanda zai ciyar. Daga nan sun zama abokan tarayya, duk abin da ta haifa su raba gwargwadon kason kowa, in ta mutu kuma hasarar ta hau kansu bisa wannan lissafi.

Allah Shi ne Masani.