Kiɗan Bazara a Gadarif

Gadarif birni ne a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ƙasarsa baƙar laka ce mai ba da dawa da riɗi. Akwai Hausawa da yawa a can. Kakannin wasu sun tsaya ne a hanyarsu ta Makka, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Da bazara an gama girbi, an sayar da riɗi, ruwa bai sauka ba tukuna. Lokacin bukukuwan aure ke nan. Da rana zafi yakan hana fita. In dare ya yi, sai a kafa rumfa, a jera kujeru. Mata suna buga daluka, wata ƙaramar ganga ta yumɓu, suna guɗa. Makaɗi yana kaɗa udu. Udu kamar garaya yake, amma ya fi ta yawan tsirkiya.

A da, abin kunya ne mace ta yi waƙa a bainar jama'a. A'isha Fallatiya, Bahaushiyar da aka haifa a Kasala, maƙwabciyar Gadarif, ba ta ji tsoro ba. Mahaifinta malami ne, bai so ba. Duk da haka, a 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman. Ta rera da Larabci da Hausa. Ta rasu a 1974.

Tambayoyi
1. Me ya kai Hausawa Gadarif?
2. Da me ake yin daluka?
3. Wane kiɗa ake yi a bikin garinku?