Amsoshin Tambayoyinku: Muna da Wurin Yawon Daji da Shiga Kwalekwale a Gwandu da Kalgo?

TAMBAYA: Ni malamin sakandare ne a Kalgo, amma Gwandu ce mahaifata. Ƙanena da ke karatu a Amurka yakan turo mini hotuna ta WhatsApp, shi da abokansa sun kafa tanti a wani gandun shaƙatawa na jiha, sun hau tsauni da ƙafa, sun shiga kwalekwale. Ɗalibaina sun ga hotunan, sun hana ni sakat, wai sai mun yi irin wannan a hutu mai zuwa. Shin muna da wuri irin wannan a Jihar Kebbi? In babu, yaya zan yi da yaran nan? Daga wani malami a Kalgo.

AMSA: Allah ya saka da alheri, ya kuma shirya mana yaran. Gaskiyar magana, wuri irin wanda ƙanenka ke zuwa, mai ƙofar shiga da ma'aikatan gandu da filin kafa tanti da jiragen haya, babu shi a Gwandu, babu shi a Kalgo. Amma kada ka yi saurin komawa aji ka ce wa yara a haƙura, domin tudun hawa da gulbin shiga da tarihin gani duk suna ƙofar gidanka.

A Amurka gandu iri biyu ne. Akwai na tarayya, kamar Yellowstone da aka keɓe a 1872, akwai kuma waɗanda kowace jiha ke riƙe da su da kuɗinta, irin na gefen mafaɗar ruwan Niagara da Jihar New York ta kafa a 1885. Mutum ya biya kuɗin shiga, a nuna masa inda zai kwana, da inda aka yarda ya hura wuta, da hanyar ƙafa da aka yi wa alama don kada ya ɓata. A ƙasarmu abin da ya fi kama da wannan shi ne Yankari, wanda ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006, inda ake ganin giwaye, a kuma yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Wanda ya fi kusa da ku kuwa na tarayya ne, wato gandun tafkin Kainji da ke jihohin Neja da Kwara, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 5,000, wanda aka samar ta haɗa dazukan Borgu da Zugurma. Sai dai a shekarun nan 'yan bindiga sun sami maɓoya a dajin, don haka ban ba ka shawarar ka nufi can da 'ya'yan mutane ba, ko da kyauta aka ba ka mota.

Yanzu mu dawo gida. Ka san tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da ake hangowa a hanyar Kalgo zuwa Birnin Kebbi, waɗanda jan marmara ya rufe samansu. Masana ilimin ƙasa, da suka zo raɗa wa wannan shimfiɗar yashi da yumɓu suna, sunan mahaifarka suka ba ta, Gwandu, kuma da wannan sunan ake karanta ta a jami'o'i. Daga cikinta ne rijiyoyin burtsatse da yawa na yankin ke jan ruwa. Ka ga darasi ya samu tun kafin a ɗaga ƙafa. Ku fita bayan sallar asuba a watan Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, ku hau a hankali, babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya. Idan kuka kai sama hantsi bai yi zafi ba, fadama za ta buɗe a gabanku: gonakin shinkafar rani kore shar, hayaƙin injin ban ruwa nan da can, balbelu na bin garken shanu, gulbi yana ƙyalli kamar an ja zaren azurfa. Ka sa kowane yaro ya riƙe littafi ya rubuta sunan duk itacen da ya gane, sabara, geza, aduwa, magarya, har da kalgo mai suna ɗaya da garinku, wanda ake yin igiya da ɓawonsa. Za ka sha mamakin yawan ɗaliban da suka san sunayen 'yan ƙwallon Turai kaf amma ba za su iya bambance goriba da giginya ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, kuma maganinsa fita da ƙafa.

Kada ka kuskura ka shirya wannan a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kowa ya sa takalmi mai rufi, ba silifa ba, ya ɗauki gorar ruwa da hula. Kada yaro ya cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, domin nan ne ɗakin kububuwa da kunama. In ƙaddara ta faɗa aka yi sara, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da ƙarfi. A kwantar da yaron a hana shi motsi, a garzaya da shi asibiti. Shi ya sa nake son mota ta kasance tana jira a gindin tudu.

Ita kuwa Gwandu, yawo a cikinta da ƙafa ya fi hawan kowane tsauni daraja. Ai ka fi ni sani. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa a 1805, a shekarar da aka gwabza yaƙin Alwasa, inda masu jihadi suka yi asarar mutane da yawa, sannan suka ja baya suka kare garin Gwandu. Nan hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, mai tafsirin Diya'ut Ta'wili. A 1853, zamanin Sarki Halilu, Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a garin, kuma a nan ya sami littafin Tarikhus Sudan ya kwafi abin da ya iya kwafa, har ya yaba albasar Gwandu a rubuce-rubucensa. Mutum ya taso tun daga Turai ya ratso Sahara a kan raƙumi har ya ga garin Gwandu, alhali akwai yaran Kalgo da ba su taɓa taka shi ba. Ka nemi izini wurin masu kula da hubbare tun kafin ranar, a samo dattijo ya zagaya da ku, yara su shiga da ladabi da shiga ta kamala.

Sai maganar ruwa, inda nan ne zan fi tsananta maka. Gulbin da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya gangaro ta wajenku har ya faɗa Kogin Kwara yana da masu shi, wato Sarkawa, kuma sun gaji sanin sa kaka da kakanni. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, yana da wasannin Kabanci: tseren kwalekwale, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. Idan hutunku ya dace da bikin, ku je Matan Fada ku yi kallo daga tudu, ku biya gidan tarihi na Kanta. A Yawuri ma akwai bikin Rigata.

Na taɓa shiga kwalekwale a wannan gulbi da wani dattijon Basarke. Kafin in sa ƙafa ya ce, “Malam, cire takalmi, zauna a ƙasan jirgi, kuma kome ka gani kada ka miƙe.” Yaronsa na bayana yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa da yankakkiyar jarka, shi kuma yana tura jirgin da doguwar gora, idonsa na kan fuskar ruwa, ba ya ko kallon gaɓa. Da muka zo wani wuri da ni na ga ruwa kwance lumui, sai ya karkata ya yi nesa da shi, ya ce akwai gurbi a nan, ruwan na juyawa a ƙasa. Irin wannan mutum za ka nema, ta hannun Sarkin Ruwan yankin, kada ka ɗauki saurayin da ya ari jirgi jiya.

Ba mu manta da abin da ya faru ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya dare a tsakiyar kogi ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka fita da rai. Lodi fiye da ƙima da tsufan jirgi da rashin rigar ruwa, su ne ke cinye mana mutane kusan kowace shekara. Saboda haka duk yaron da bai sami rigar ruwa daidai jikinsa ba, ya tsaya a gaɓa. A shiga biyar biyar ko shida shida, da babba a kowane sawu, da rana tsaka, kusa da gaɓa. Agusta da Satumba, lokacin da gulbi ke cika ya haɗiye fadama, ba lokacin wasa da ruwa ba ne. Kuma ka hana su wanka a tafki ko kududdufi, domin a ruwa mai kwanciya ake ɗaukar tsargiya.

Kwana a daji fa? Mu jikokin fatake ne da suka yi ta yada zango daga nan har Gwanja, kuma har gobe makiyayi na kwana a mashekari. Amma madugu ba ya sauke ayari sai inda ya tabbatar da aminci. Bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, da harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, babu malamin da ya kamata ya kwana da ɗalibai a fili. Ku kafa tantinku a cikin harabar makaranta mai katanga da maigadi, cikin gari. A hura wuta, a dafa dafa-duka, a gasa dankali a toka, a shimfiɗa tabarmi, a nuna wa yara Kaza da 'Ya'yanta da Zara a sama, wani tsoho ya ba su labarin Kanta da ganuwar Surame. Daɗin da suka gani a hoto za su same shi a nan, iyayensu kuma su yi barci da ido biyu rufe. 'Yan mata su kasance da malamai mata a nasu ɓangaren, ko su koma gida bayan magariba.

Kafin duk wannan, ka sami takardar amincewar kowane uba, da izinin shugaban makaranta da ofishin ilimi, ka sanar da hakimi da ofishin 'yan sanda ranar fita da hanyar da za ku bi. In suka ce a dakata, a dakata.

Ina kuma roƙon gwamnatin Jihar Kebbi, wadda ke da gulbi da tuddai da tarihi tun kafuwarta a 1991, ta keɓe ko da tudu ɗaya da mashigi ɗaya tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi, ta sa masu gadi da rigunan ruwa da makewayi, don makarantu su riƙa kai yara. Kai kuma Malam, ka fara da tudu da ziyarar Gwandu a hunturun bana, ka bar kwalekwale sai rigunan ruwa sun zo hannu. In kun dawo, ka rubuto mana yadda aka yi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.