Saita Distirbuta da Ƙwan Fitila

Ɗana, tun da ka gaji Volkswagen ɗin nan ƙirar kunkuru, irin wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ina so ka iya saita wutarta da hannunka. Kada rashin na'urar gareji ya karya maka gwiwa. Sifana mai lamba 10, da sukudireba, da ƙwan fitila mai wayoyi biyu sun wadatar, in dai ka bi abin daki-daki.

Fara da kontak, kafin ka taɓa taimin. Nan samari da yawa suke kuskure, domin duk lokacin da ka sauya ratar kontak, lokacin tashin wuta ma ya sauya. Inji a sanyaye, giya a furi, cire murfin distirbuta, ka juya fuli har kontak ya buɗe iyakar buɗewarsa. Ratar da ake so milimita 0.4 ce. In babu ma'auni, kwalin ashana ya yi kusa da haka. Ya shiga da ɗan tirjiya, kada ya yi sako-sako. Goge bakin kontak ɗin tsaf, ka ɗiga giris kaɗan a gwiwar da ke tura shi.

Sai neman silinda ta ɗaya. A bakin distirbuta akwai ɗan zane. Juya fuli har rota ta fuskance shi, tsagar da ke jikin fuli kuma ta daidaita da layin da ɓarin inji biyu suka haɗu. Kada ka ce ai kowace silinda ɗaya ce. A tsofaffin injunan nan ta uku ta fi ɗaukar zafi, har wasu distirbutocin an ƙera su suna ɗan jinkirta mata wuta. Wanda ya saita a kanta ya sa sauran ukun gaggawa bai sani ba. Ka kuma tabbatar da ma'anar tsagar fulinka, don ba duka suke ɗaya ba: da yawa digiri 7.5 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa, wasu kuwa daban.

Yanzu ɗaura waya ɗaya ta fitilar a ƙafar koyil mai lamba 1, wadda ke zuwa distirbuta, ɗayar a jikin inji. Murza makulli, amma kada ka tayar. Sassauta notin da ya ɗaure distirbuta, ka juya ta yadda agogo ke tafiya har fitila ta mutu, sannan ka dawo da ita baya a hankali, a hankali ƙwarai. Daidai inda fitila ta kama, nan kontak ya buɗe, nan wuta za ta tashi a fulogi. Tsaya, ka ɗaure. Juya fuli zagaye biyu ka sake dubawa, domin ɗaurin kansa yakan gusar da ita. Ka hanzarta kashe makulli, kada koyil ya yi zafi a banza.

Mayar da murfin distirbuta, wayoyin fulogi su kasance bisa tsarin 1-4-3-2.

Abin da nake roƙonka shi ne ka guji saitin kunne, wato juya distirbuta inji na aiki har sai ya yi ƙara mai daɗi. Inji ne da iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, kuma wutar da ta yi gaggawa tana iya huda fistin. Hau tudu da ita a giya ta huɗu. In ka ji ƙyas-ƙyas kamar tsakuwa a gwangwani, sauko ka ɗan ja wutar baya.