Ilmin Ƙirar Jiki a Tafin Hannu

A Ingila da Amurka akwai masu sha'awar ƙera mutum-mutumin sojoji 'yan mitsi-mitsi, masu tsawon milimita 54. Sukan lanƙwasa waya ta zama ƙwarangwal, sa'an nan su ɗora mata danƙon ifoksi a matsayin tsoka. Danƙon nan kashi biyu ne, in aka cuɗa su sai sinadaransu su sarƙe, ya taurare cikin 'yan sa'o'i.

Tsawon baligi ya ninka na kansa kimanin sau bakwai da rabi, don haka kan ɗan sojan milimita 7 ne. In ya kai 9, sai soja ya koma yaro, domin kan yaro ya fi rinjaye a jikinsa.

Ɗanyen danƙon kan haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje, saboda haka wajibi ne ɗalibai su sa safar hannu.