Yadda jini yake yaƙi da funfuna

Kowa ya san funfuna. Ita ce ke fitowa bisa tuwon da ya daɗe, ko gujiyar da aka ajiye da danshi. Abu ce mai rai. Irinta yana yawo cikin iska, mutum yana shaƙar sa kullum. Wata ma tana zaune cikin baki da hanji, sunanta kandida. Duk da haka mafi yawan mutane lafiyarsu lau. Mi ya sa?

Cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Su ne sojojin jiki. Ƙaramar funfuna, haɗiye ta suke yi. Wadda ta yi tsawo kamar zare, sai su kewaye ta su zuba mata dafi.

Amma sojojin nan suna bukatar ɗan jagora. Cikin ruwan jini akwai sinadarai da ake kira furotin, hanta ce ke ƙera mafi yawansu. Wasu sun fi iri 30, ana ce musu mataimaka. Wani masani ɗan ƙasar Beljik, Jules Bordet, ya gano aikinsu a 1895. In funfuna ta shiga jiki, sai su manne mata, kamar yadda makiyayi ke sa wa saniya shaida. Da wannan shaida fararen ƙwayoyi ke gane ta, su cafke ta da sauri. Wasu mataimakan kuma kira suke yi, sojoji su taru wurin.

Wani furotin, taransferin, dabararsa dabam ce. Funfuna ba ta girma sai da sinadarin ƙarfe, shi kuwa sai ya riƙe ƙarfen jini gam, ya bar ta da yunwa. In ciwon sukari ya yi tsanani, jini yakan yi tsami, riƙon ya sassauta. A 2021, lokacin korona, wata muguwar funfuna ta kama mutum fiye da 40,000 a Indiya, yawancinsu masu ciwon sukari. Wasu sun rasa ido, wasu sun rasa rai.

Hanta ba ta ƙera furotin sai da abinci mai gina jiki: wake, gujiya, nono, ƙwai, kifi. Yaro mai tamowa, furotin ɗin jininsa ya ragu, kandida takan samu hanya. Harshensa ya yi fari kamar guntun kindirmo, ya ƙi cin abinci don zafi, ramar ta ƙaru. Ba a kankare wannan fari da tsumma. Likita ake kai yaron, akwai maganin da ake ɗiga masa a baki.