Uniball ko boljoyin: wanne ya dace da ƙafar a-kori-kura?

Duk mai bibiyar bidiyoyin motoci a YouTube da TikTok ya sha ganin Toyota Tacoma ko Ford Raptor tana tsalle a kan tudun yashi, ta dira kamar ba a yi komai ba. Galibin irin waɗannan motoci an sauya musu ƙafa, kuma cikin abubuwan da masu su a Amurka ke yawan cirewa akwai boljoyin na sama. A gurbinsa suna saka wani abu da ake kira uniball.

Boljoyin shi ne gaɓar da ke haɗa hannun ƙarfen ƙafar mota da ƙarfen da ke riƙe da taya. Dunƙulen ƙarfe ne mai sanda a jikinsa, yana zaune cikin kwanonsa cike da giris, roba ta rufe shi. Shi ke ba taya damar hawa da sauka tana kuma juyawa da sitiyari.

Uniball ma dunƙulen ƙarfe ne, sai dai a huje yake. Ana zura doguwar kusa ta tsakiyarsa a ɗaure da noti, shi kuma yana juyawa cikin zobe mai shimfiɗar Teflon. Wanda aka fi sakawa a hannun sama shi ne mai ramin inci 1, wato milimita 25.4. Ɗan'uwansa mai wutsiyar zare shi ne wanda Amurkawa ke kira Heim, mutanen Ingila kuma Rose, kuma a jiragen sama ya fara suna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Me ya sa ake sauyin? Idan aka ɗaga mota da inci 2 ko 3, hannun sama yakan karkata ƙasa tun motar na tsaye. Da taya ta faɗa rami, sandar boljoyin sai ta kai iyakarta ta daki bakin kwanon. Yau da gobe roba ta yage, giris ya tsiyaye, in aka yi rashin sa'a ya fizge, taya ta kwanta ana cikin gudu. Uniball yana da sararin karkata fiye da haka, kuma yana jure duka. Shi ya sa ya samu gindin zama a tseren hamada irin Baja 1000 da ake yi a Meziko tun 1967.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne motar tsere ana kwance ƙafarta a duba bayan kowace gasa. Uniball a buɗe yake, babu robar da ke kare shi. Ƙura da ruwa suna shiga su cinye Teflon ɗin, daga nan sai ƙara, sai girgiɗi. Ba a kuma shafa masa giris ko baƙin mai, domin maiƙo yana kama yashi ya zama kamar sanfefa. Wanke shi ake yi a fesa masa busasshen feshin Teflon. A jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, gishirin da ake zubawa a titi ne ke kashe shi. Ga Hilux da ke yini a hanyar burji cikin ƙurar hunturu, sannan ta shiga taɓon damina, lissafin ɗaya ne.

Wajen ɗaurawa ma akwai tarko. Ramin da sandar boljoyin ke shiga mai tsukewa ne ta ƙasa, ita kuwa kusar uniball miƙaƙƙiya ce. Wasu kamfanoni suna haɗowa da abin cike gibin, wasu kuma sai an faɗaɗa ramin da injin huji. Wanda ya huje ya rufe ƙofar komawa boljoyin, sai dai ya sayi sabon ƙarfe gaba ɗaya. Bayan aikin kuma dole a sake saitin tayoyi.

Motar da ba a ɗaga ba babu abin da uniball zai ƙara mata sai hidima. Boljoyin mai kyau ya ishe ta. Wanda ya ɗaga tasa kuma ba ya son wanki kullum, akwai hannuwan sama masu boljoyin da aka ƙera don ƙarin karkata, a rufe da robarsu, har da kan ɗura giris.